Kujerar da Ta Riga Mai Ita Samun Ƙarin Girma

A duk tarihin aikin ofis, tun ranar da ɗan Adam ya fara ɗora takarda a kan takarda, ba a taɓa yin gyaran da ya kama ƙafar wanda aka yi a ma'aikatar da maƙwabcina yake aiki ba. An kashe makara, an binne lalaci, an mayar da ma'aikata tsintsiya maɗaurinki ɗaya, kuma duk wannan bai ci kowa ko sisi ba. Ba ni na faɗa ba. Mai Girma Jagoran Sauyi, Fitilar Ma'aikata, Mai Hango Jibi Tun Shekaranjiya, shi ya faɗa da bakinsa mai albarka, ni kuma na ji da kunnena yau ɗin nan.

Ba neman labari ya kai ni can ba. Kujera na je karɓowa. Na fita da safe da takalmina na zuwa taro, na dawo da yamma ƙafafuna kamar an kirɓa su a turmi, ko ƙusa ɗaya ta kujerar ban zo da ita ba. Amma bari in ɗauko zancen daga tushe, kada ku ce tsufa ya fara taɓa ni.

Maƙwabcin nawa, wanda duk layinmu ke kira Akawu, bango ɗaya ya raba mu. Bangon kuwa wanda ya gina shi ya yi tattalin siminti ƙwarai, don haka na san tarin Akawu, na san tashar rediyon da yake so, na kuma san ranar da bayansa ya tashi. Shekarun baya ya faɗi a kan babur, tun daga nan ƙugunsa ya daina shiri da kowace irin kujera. Likita ya ce masa ko dai ya sami abin zaman da zai tallafe shi daidai inda ƙashin ya goce, ko kuma ya fara sabawa da kallon silin. Sai Akawu ya nufi wurin kafintan bakin layinmu. Kafinta ya auna bayansa da tef kamar tela zai ɗinka masa riga, ya ƙera masa kujera mai ɗan tudu daidai ƙugu, a ɗan karkace zuwa hagu, don shi ma mai ita a karkace yake. Hajiya, matarsa, ta sauke labulen ɗakinta guda, mai zanen furanni, ta ɗinka mata matashi. Duk wanda ya ga kujerar nan sai ya yi dariya. Duk wanda ya zauna a kanta sai ya daina.

Za ku ce me zai sa mutum ya kai kujerarsa ta kansa ofis? Mai wannan tambaya bai taɓa aiki a ƙasan bene ba. A ma'aikatar su Akawu, rabon da a saya wa ƙananan ma'aikata abin zama tun ana buga takarda da tafireta. Kuɗin kujeru yana fitowa duk shekara, ba ya fashi, sai dai a sama yake tsayawa, ina jin tsoron matakala yake. Saboda haka al'adar gidan ita ce, ranar da aka ɗauke ka aiki, ka zo da takardunka a hannu ɗaya, kujerarka a ɗaya hannun, da sarƙar keke da kwaɗo a aljihu. In an tashi, ka ɗaure ta a ƙafar tebur kamar akuya, ka tafi gida hankalinka kwance.

Mu kuma jama'ar gari da ke zuwa da buƙata, da kujerun nan muke gane hanya. Babu wanda ya san sunan sashe ko muƙami. Ana ce maka: je ka wurin mai jar kujerar roba kusa da ginshiƙi, in ya sa hannu ka wuce wurin Anti Mai Hatimi a ƙarƙashin fanka, ka ƙare wurin mai karkatacciyar kujera a bakin taga. Tsari ne mara kyan gani, na yarda. Amma yana tafiya, kamar tsohuwar motar da sai an tura take tashi, in ta tashi kuma ta kai ka gida.

To, sarki goma zamani goma. Shugabannin da suka gabata kowa ya yi nasa gyaran. Wani ya sauya fentin bango. Wani ya sauya sunayen sassa, har ma'aikata suka daɗe ba su san inda suke aiki ba. Wani ya sayo agogo ya rataye a kowane lungu, babu batir ko a ɗaya. Duk waɗannan bayin Allah an gode musu, domin gyaransu bai taɓa jikin kowa ba.

Sai Allah ya kawo Mai Girma na yanzu. Shi an tura shi kwas a ƙasar waje, aka zagaya da shi wani kamfani inda babu mai teburin kansa, kowa ya zo ya zauna inda ya samu. Ya dawo da abin nan a ransa kamar wanda ya hango aljanna ta tagar jirgi. Bai tsaya ya lura ba cewa a can kamfani ne ya sayi kujerun, duka iri ɗaya, kuma aikinsu a cikin kwamfuta yake, ba a cikin aljihun tebur mai makulli ba. Babba ba ya lura da ƙananan abubuwa. Da yana lura ai da bai zama babba ba.

Ya ɗauko wani Ƙwararre, mai kwat matsattsiya da majigi, aka tara ma'aikata. Akawu ne ya ba ni labarin jawabin a kan bencin ƙofar gidana.

"Matsalar ma'aikatar nan," in ji Mai Girma, "ba rashin wuta ba ce. Ba rashin takarda ba ce. Ba albashin da ke makara ba ne. Matsalar ita ce kowa ya manne wa kujerarsa. Wanda kuwa ya manne wa kujera, tunaninsa ma ya manne. Daga yau babu kujerar wani, babu teburin wani. Kowa ya zauna inda ya samu."

Aka tafa. Mutumin da takalminsa ya suɗe wajen kamun ƙafa kafin ya sami tasa kujerar ne yake wannan magana, amma aka tafa.

Washegari aka kira mai walda ya yanke sarƙoƙi. Aka bi kowace kujera aka buga mata tambarin ma'aikata da shuɗin fenti. An ce wani baƙo ya jingine lemarsa ya zagaya bayi, kafin ya fito ta zama kayan hukuma. Da aka zo kan ta Akawu, sai ya ɗaga yatsa cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, wannan tawa ce. Ni na sa aka ƙera ta."

Ƙwararre ya yi masa murmushin da ake yi wa mara lafiya. "Baba, ai wannan 'tawa, tawa' ɗin muka zo kawarwa."

Mutanen da sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. To, mutanen da ba su je kwas ba.

Ku ba Mai Girma haƙƙinsa: makara ta mutu murus. A zauren nan fanka ɗaya ce mai juyawa, kujerun kirki kuma ba su cika yatsun hannu ba. Mutanen da a da sai rana ta take suke shigowa suna sakace haƙori, yanzu tun asuba suna bakin ƙofa suna jiran maigadi, sai ka rantse layin gidan mai ne ranar da aka ji ƙishin-ƙishin tanka ta iso. Ana buɗe ƙofa sai gudu. An ce wani mai tumbi, wanda rabonsa da gudu tun yana firamare, ya tsallake benci bai taɓa shi ba.

Sai dai wanda ya sami kujera ba ya ƙara tashi. In ka tashi, ko ruwa ka je sha, za ka dawo ka tarar da wani a kai yana yi maka sannu. Ga kuma fayil-fayil a kulle a aljihunan tebura. Makulli yana aljihun wanda yau ya faɗa can ƙarshen zaure, aljihun teburin yana tsakanin gwiwoyin wani a nan, kuma babu mai motsawa cikinsu. Ma'aikata a wurin aiki, cif, daga safe har yamma. Aikin ne kawai ba a san inda ya zauna ba.

Akawu ba ya iya gudu. Ranar farko ya iso ya tarar da wani a kan kujerarsa ya lumshe ido. Daga nan labarin daɗinta ya bazu, aka fara kokawa a kanta, har shugaban sashe ya ƙwace ta don a zauna lafiya, ya kuma zauna lafiyar a kanta. Mataimakin Mai Girma ya sauko duba aiki, ya ɗan ɗosana a kai yana sa hannu, ya koma sama, sai ga masinja ya zo ɗauka. Akawu ya yi shekara da shekaru a mataki ɗaya yana jiran ƙarin girma. Kujerarsa, kafin wata ya mutu, ta haye bene.

Ya gwada benci, bayansa ya ƙi. Ya gwada ta roba, sai da aka kama shi aka miƙar. Sai ya koma jikin wani dogon kabad na fayil, ya mayar da samansa tebur, yana rubutu a tsaye tun safe har a tashi. Da yamma in ji nishinsa ta bango. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, kwanciyar da ya faɗa tun farko tana nan tafe, kuma ba ta tashi ba ce.

Yau da safe ina shan shayi aka buga mini ƙofa kamar ana bina bashin rai.

"Malam! Na san kana ciki, na ji ƙarar cokali."

"Hajiya, lafiya da sassafe haka?"

"Ina fa lafiya? Jiya sai da na kira ƙanina muka ɗaga shi daga tabarma kamar buhu. Yau kuma ya lallaɓa ya fita tun duhu. Kai ne kullum a jarida kana zagin manya. To ga babba guda nan Allah ya kawo maka, je ka karɓo mana kujerarmu."

"Hajiya, ni ba zagi nake yi ba. Nasiha nake yi."

"To je ka yi masa nasihar, ka dawo da kujera. Ko matashin nan labulen ɗakina ne. Har yau taga ɗaya a buɗe take kamar bakin mahaukaci."

Na waiwaya ina neman agaji, sai mai ɗakina ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu.

"Je ka mana. Ba kai ne kake ce mana alƙalaminka ya fi takobi kaifi ba? Yau dai mu ga ko zai iya ɗauko kujera."

Inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ni kuwa matan nan biyu sun kawo mini ƙasa har bakin ƙofa, sun share ta. Na sa takalmi.

A bakin ma'aikata maigadi ya tare ni.

"Wurin wa, Alhaji?"

"Wurin Akawu, na bakin taga."

"Ai babu na bakin taga yanzu. Taga ta kowa ce." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kuma in gaya maka tun wuri, duk abin da shuɗin fenti ya taɓa ba ya fita ƙofar nan. Ka kula da bango. Ko kai ya shafa, sai an rubuto daga sama kafin in sake ka."

Na tattare rigata na shiga.

Jama'a, ban taɓa ganin zauren ofis cike haka ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya yi tsit haka ba. Kowa na zaune, ya kafa ƙafafu, ya riƙe hannun kujera kamar fasinja a motar da birkinta ya tsinke. Waɗanda ba su samu ba suna jingine da bango suna lura da wanda fitsari zai fara kayarwa. A tsakani kuma ga mutanen gari suna yawo da takardu a hannu, suna leƙa fuskoki ɗaya bayan ɗaya, kamar masu neman ɗan'uwa a asibiti.

Na hango Anti Mai Hatimi a wani lungu da ba nata ba, wani dattijo yana tsaye a gabanta yana roƙo.

"'Yata, hatimi kawai ya rage. Daga nesa na zo."

"Baba, wallahi ba ƙi na yi ba. Hatimi yana cikin wancan teburin, makulli ga shi a jakata. Amma ka ga wancan mai jar hular? Tun safe yake kallon kujerar nan kamar kyanwa ta ga kifi. In na ɗaga, shi ke nan."

"To ba ni makullin in ɗauko miki."

"Haba Baba, ka taɓa ganin an ba baƙo makullin ofis? So kake a kore ni?"

Ta gan ni, ta gane ni. "Malam, ka zo ganin sauyi? Ga shi nan. Rabona da shan ruwa da rana tun da aka fara. Ko shayin safe na daina."

Can jikin kabad na tarar da Akawu, ya dafa ƙugu da hannu ɗaya, yana rubutu da ɗaya, fuskarsa ta yi fari kamar an shafa toka.

"Maƙwabci, me ya kawo ka?"

"Hajiya."

"Inna lillahi. Don girman Allah ka koma gida. A bar kaza cikin gashinta. Takardun ritayata suna kan teburin Mai Girma, hannunsa kawai suke jira. Kada ka ja mini."

Mai hankali da ya ji wannan ya juya. Ni kuwa boko ya hau mini kai. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, magana ce ta hujja, kuma hujja ita na karanta a jami'a. Na kama matakala ina tsara jawabi: haƙƙin mallaka, lafiyar ma'aikaci, amanar shugabanci. Kafin in kai sama har na ji tausayin Mai Girma.

A sama wata duniya ce. Kafet mai laushi, sanyi kamar cikin randa, kowace ƙofa a rufe da sunan mai ita, kowane mai ita a kan kujerarsa. Ashe shi ma sauyin tsoron matakala yake, sai dai shi hawa ne ba ya iyawa. Ƙwararre ya tare ni. Da ya ji ni ɗan jarida ne sai ya kunna majigi ya nuna mini wani layi da ya miƙe sama kamar hayaƙi.

"Wannan zuwa aiki da wuri ke nan. Wannan kuma zama a wurin aiki. Ba a taɓa samun irinsa ba."

"Madalla. Ina layin aikin da aka gama?"

"Wannan sai a zango na gaba za mu auna."

"To su na saman nan, yaya ban ga suna tseren kujera ba?"

Ya dube ni da tausayi. "Malam, jagora yana buƙatar wuri ɗaya tabbatacce da zai zauna ya hango sauyi. In shi ma yana yawo, wa zai hango?"

Na gyaɗa kai, na ce a kai ni wurin Mai Girma.

Aka shigar da ni. Ga wata ƙatuwar kujerar fata an ture ta kusurwa an jibga mata jaridu. Ga Mai Girma a bayan teburinsa mai faɗin gado, zaune a kan karkatacciyar kujerar maƙwabcina, furannin labulen Hajiya suna leƙowa ta gefen babbar rigarsa. Na buɗe baki in saki jawabin da na tsara a matakala. Abin da ya fito shi ne:

"Ranka ya daɗe, Allah ya ƙara nasara."

Ya ce amin. Ya bar ni a tsaye, ya zuba mini maganar da na buɗe muku wannan shafi da ita, har da ɗaga yatsa wajen "ko sisi". Sannan ya daddaki hannun kujerar kamar mai yaba doki.

"Ka ga wannan? A cikin ma'aikatar nan aka same ta, a yashe a ƙasa, babu wanda ya san darajarta. Na daɗe ina fama da baya, babu asibitin da ban je ba a waje. Ashe maganin yana ƙarƙashina. Sauyi ne ya tono ta. Rubuta wannan."

Na tattaro ɗan abin da ya rage mini na ƙarfin hali.

"Ranka ya daɗe, ai kujerar tana da tarihi. Wani ma'aikacinka ne, Akawu, ya sa kafintan layinmu ya ƙera ta, a bayansa aka auna. Tun da ta baro ƙasa, a tsaye yake aiki."

A ganina na gama magana. Duk wanda ya ji wannan ai ya ji komai. Amma kunnen babba rariya ne mai zaɓe: abin da ka zuba daban, abin da ya tsaya daban. Idanunsa suka yi haske.

"A tsaye? Yini guda?"

"Yini guda, ranka ya daɗe."

"Babu wanda ya umarce shi?"

"Babu, sai dai..."

"Ƙwararre! Zo ka ji! Sauyi ya fara haihuwa da kansa! A tara mini ma'aikata yanzu-yanzu."

An ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma yau na ga haka, don kujerar ta sauko. Masinja ne ya ɗauko ta a ka, ya dire ta a tsakiyar zaure, taku kaɗan daga inda mai ita yake tsaye. Mai Girma ya zauna. Aka ce kowa ya miƙe don girmamawa. Suka miƙe, amma kowa da hannu ɗaya a baya yana riƙe da tasa, masu jingine da bango kuma suna matsowa a hankali.

Aka kira Akawu gaba. Ƙwararre ya yi jawabi. Mataimaki ya yi jawabi. Shugaban sashe ya yi jawabi, ya ce shi dama tun tuni ya ga alamar hazaƙa a tattare da bawan Allahn nan. Akawu yana tsaye, gumi na bin wuyansa, yana sauya ƙafa kamar zakara a kan kwano mai zafi. Sannan Mai Girma ya naɗa shi Gwarzon Sauyi, ya kuma yi albishir: tunda ƙaramin ma'aikaci ya nuna hanya da kansa, daga mako mai zuwa za a kwashe duk kujerun ƙasa a kai sito, kowa ya yi koyi da Gwarzo.

Kallon da Anti Mai Hatimi ta yi wa Akawu, da kallo yana yanka da ba a sami abin binnewa ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ƙarya ne. Ni na ja ruwan, ina gefe a bushe.

"Gwarzo," in ji Mai Girma, ya gyara zama a kan furannin Hajiya, "faɗi abin da ke ranka. Yau ranarka ce."

Akawu ya dubi kujerar. Ya dubi ɗan tudun nan da aka auna a ƙugunsa. Na ce a raina, faɗi, maƙwabci, faɗi.

"Ranka ya daɗe," ya ce a hankali, "dama kujerar nan..."

"Yauwa! Allah ya yi maka albarka, ka tuna mini. Ɗan jaridan nan ya ce kafintan a layinku yake. Ka sa ya yi mini irinta sak, ta gida. Tunda bayanmu iri ɗaya ne, ba sai na je awo ba, a auna naka. Direba zai zo ya ɗauka."

Aka tafa. Masinja ya sake ɗora kujerar a ka, ta koma inda ta fito.

Tare muka taho da Akawu bayan an tashi, a hankali, yana dafa kafaɗata a duk inda hanya ta yi gargada. Idonsa na kan hanya, ko kallona bai yi ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Muna shiga layinmu sai ya karkata wurin kafinta.

"A'a, Akawu!" in ji kafinta, ya cire fensir daga bayan kunne. "Kada ka ce mini waccan ta karye. Aikina ba ya karyewa."

"Ba ta karye ba. Ƙarin girma ta samu. Wata za ka yi, irinta."

Kafinta ya ɗauko tef, Akawu ya juya masa baya ya dafa benci. Ya auna, ya tsaya, ya sake aunawa.

"Kai, bayan nan ya ƙara karkacewa fa. Me kake yi da shi, dako?"

"Yi ta a kan awon da. Mai ita bai kai ni karkacewa ba tukuna."

"Au, ba taka ba ce? To katako fa? Ya yi tsada yanzu, sai an ba da na kafin alƙalami. Ofis ne zai biya?"

Akawu ya dube shi. Ya dube ni. Ni kuma na sami wani abu mai ban sha'awa ƙwarai a kan takalmina na tsaya kallo. Sai ya sa hannu a aljihu, ya ciro abin da ke ciki, ya ajiye a kan benci, ya ɗora guduma a kai don kada iska ta ɗauka.

"Ka goge ta da kyau," ya ce. "Ba ya son abin da zai taɓa masa baya."

Ta ƙofar baya na shiga gidana, kuma ina jin ta nan zan riƙa shiga har zuwa wani lokaci. Mai ɗakina ta ajiye mini abinci, ta ɗauko alƙalamina ta ajiye kusa da cokali, wai ko zan buƙaci yanka nama.

Saboda haka, jama'a, in kun ji wani ɗan baƙin ciki yana cewa sauyi yana da tsada, ku ce masa ya ji tsoron Allah. Na bi sawun abin da ƙafata tun daga sama har ƙasa, ma'aikata ba ta kashe ko sisi ba. Yanzu haka da nake rubutun nan ina jin ƙarar keken ɗinkin Hajiya ta bango. Na leƙa ta katanga, na ga tagarta ta biyu ma babu labule.